Daga Kanan Bakashe zuwa makarantar kasuwanci: ina mai matsakaicin maki zai dosa?

Kowace shekara a tsakiyar damina, lokacin da gero ya rufe ƙasa kuma manoma ke kan maimai, sakamakon jarrabawar bakaloreya yakan iso garuruwan jahar Maraɗi. A Kanan Bakashe, garin nan na gundumar Mayahi da ke cikin kwarin Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Tasawa, labari ba ya kwana bai game gari ba: ɗan wane ya ci, ƴar wance ta tsallake a zagaye na biyu. A yi guɗa, a yi barka, a raba goro. Bayan kwana biyu murna ta lafa, sai uba ya zauna a rumfarsa da takardar maki a hannu, a karanta masa cewa yaron ya samu 10 da ƴan kai bisa 20, abin da ake rubutawa «passable». Yaron kuwa ya ƙudura a ransa karatun kasuwanci zai yi, ko lissafin kuɗi, ko aikin banki.

Daga nan tambaya take tasowa: wace makaranta za ta karɓe shi da wannan maki, kuma wace ce ta cancanci a zuba mata dukiya? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin kuɗin da za a kashe daga buhunan wake da riɗi za su fito, ko daga garken awaki, ko daga albashin ma'aikacin da ke ciyar da gida biyu. Wanda ya yi kuskuren zaɓe yana iya biyan kuɗin shekara uku, daga ƙarshe ɗansa ya dawo da takardar da ba ofishin da zai dube ta.

Me maki 10 ko 11 ke nufi?

Da farko dai, kada uba ya raina abin da ɗansa ya samo. Daga 2021 zuwa 2023, waɗanda suka ci bakaloreya a Nijar ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu zaman jarrabawar ba a kowace shekara, kuma mafi yawan waɗanda suka ci ɗin da «passable» suka fita. Tsarin darajojin sananne ne: daga 10 zuwa ƙasa da 12 shi ne «passable», daga 12 «assez bien», daga 14 «bien», daga 16 zuwa sama «très bien». Saboda haka yaron da ya taso daga ƙauyukan Mayahi, ya yi lise a gidan wani mai riƙo, yana karatu da fitilar hannu, har ya samu 10 da rabi, ya wuce dubban tsararrakinsa.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: akwai ƙofofin da wannan maki ba ya buɗewa. Guraben karatu da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke ba Nijar, masu maki na sama ake fara kira a kansu. Haka ma tallafin karatu na gwamnati, wato bursu, wanda hukumar ANAB ke rabawa, yana da sharuɗɗansa da suka shafi maki da shekarun haihuwa. Wanda ya zauna jiran waɗannan da «passable», bai nemi wani wuri ba, yana iya asarar shekara guda a banza.

Abu na biyu, a bar kallon jimillar maki kaɗai, a duba takardar layi bayan layi. Makarantar kasuwanci ta fi damuwa da lissafi da Faransanci da Ingilishi. Ɗalibin da jimillarsa 10 ce amma ya samu 13 a lissafi, ya fi kusa da karatun kwantabul bisa wanda ke da 12 a jimilla amma lissafinsa 6. Fannin da aka yi a lise shi ma yana da nauyi. Wanda ya fito daga G2, kamar yadda ake koyarwa a lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, ya riga ya san riƙon littafin kuɗi. Ɗan fannin D ko C yana da ƙarfin lissafi. Ɗan A4 kuwa gara ya karkata ga tallan haja, ko kula da ma'aikata, ko sakatariyar shugabanci, inda iya magana da rubutu ke aiki.

Ƙofofin gwamnati

Wani abin mamaki shi ne, Maraɗi da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar, garin alhazan da Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, jami'arta ta gwamnati, wato Ɗan Dikko Ɗankulodo, da kimiyya da aikin gona da kiwon lafiya da fasahar gini da lantarki aka fi saninta. Ɗan Kanan Bakashe mai son karatun kasuwanci a makarantar gwamnati, yawanci sai ya ɗauki jaka ya bar jaharsa.

Wurare uku ne a gabansa. Na farko jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, uwar jami'o'in ƙasa, mai sashen tattalin arziki da gudanarwa. Na biyu jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda ke da sashen shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, da kuma cibiyar IUT mai koyar da tafiyar da kamfanoni da ma'aikatu. Na uku jami'ar André Salifou ta Damagaram, inda cibiyar IUT ke koyar da harkar sufuri da jigilar kaya, fannin da ya dace da duk wanda ya tashi yana ganin manyan motoci na bin babbar hanyar da ta ratsa Tasawa. Jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram duk a 2010 aka kafa su, bisa harsashin cibiyoyin IUT da suka riga su buɗewa.

A nan akwai bambancin da ya kamata a gane. Cibiyoyin IUT gurabensu kaɗan ne, tace takardu suke yi, amma wanda ya shiga yana samun aji mara cunkoso da koyon aiki a kamfani. Manyan sassan jami'a kuwa ƙofarsu ta fi faɗi, sai dai a can tacewar tana zuwa ne bayan an shiga: ɗaki cike da ɗalibai, malami ɗaya, ga shekarar karatu da kan ja saboda yajin aiki. Mai matsakaicin maki yana iya shiga cikin sauƙi, ya sha wuya wajen fita. Wanda ya san ɗansa ba ya karatu sai an tsaya a kansa, ya yi tunani sau biyu.

Akwai kuma makarantar ENA ta Yamai, mai horar da ma'aikatan mulki da na haraji da na baitulmali. Hanyar kwankur, wato jarrabawar shiga, tana da wani alheri ga mai «passable»: ranar kwankur ba a tambayar darajar da ka samu a bara, abin da ka rubuta a ranar shi ake aunawa. Wata biyu ko uku na shiri da gaske yakan sa na baya ya wuce na gaba.

Kada a yi cinikin biri a sama

Makarantu masu zaman kansu sun yawaita a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Akwai na ƙwarai a cikinsu, waɗanda suka yaye ma'aikatan bankuna da kamfanoni, akwai kuma waɗanda ba su da komai sai allon talla da ɗakuna uku na haya. Su ne kuma suka fi zawarcin mai matsakaicin maki, domin sun san an rufe masa wasu ƙofofi. Makarantar da ta ce ka kawo kuɗi kawai, ba ta ko buɗe takardar makin ɗanka ba, wannan saukin nata abin tuhuma ne.

Ɗan kasuwar Kanan Bakashe ba ya sayen sa sai ya duba haƙoransa, ba ya sayen buhun wake sai ya soka masa ƙarfe ya ga cikinsa. Haka ya kamata ya yi wa makaranta, da tambayoyi huɗu.

Ta farko: ina takardar izinin kafawa da ta izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi mai zurfi? A nemi ganin lambar takardar da kwanan watanta. A kuma tabbata fannin da yaron zai karanta yana cikin waɗanda aka yarje wa makarantar, domin akan ba makaranta izini a fanni biyu ta buɗe biyar.

Ta biyu: wace takarda ake bayarwa a ƙarshe? Akwai BTS na ƙasa, wanda ɗalibi ke samu bayan shekara biyu idan ya ci jarrabawar da gwamnati ke shiryawa ga kowa da kowa. Akwai kuma takardar da makaranta ke bugawa da hatiminta ita kaɗai. Na farkon ba ruwansa da sunan makaranta, darajarsa ɗaya ko'ina cikin ƙasa. A tambayi shugaban makarantar: ɗalibai nawa kuka kai wannan jarrabawa bara, nawa suka ci? Mai gaskiya zai buɗe rajista ya nuna.

Ta uku: ko hukumar CAMES ta amince da takardar? Wannan hukuma a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, mazauninta na Wagadugu, kuma ita ke tantance takardun manyan makarantu tsakanin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A lura, takarda ɗaya bayan ɗaya take amincewa da su, ba makaranta gaba ɗaya ba. Idan an rubuta sunan CAMES a jikin allo, a tambaya: a kan wane fanni, kuma tun yaushe?

Ta huɗu: su wane ne malaman, kuma ina tsofaffin ɗaliban suke aiki? Zuwa da kai ya fi aike. A shiga makarantar ranar karatu, ba ranar hutu ba, a leƙa azuzuwa da ɗakin kwamfuta, a zanta da ɗaliban shekarar ƙarshe a bakin ƙofa, inda ba mai jin su.

Idan hankali ya koma ƙetare

Ga mutumin jahar Maraɗi, Katsina da Kano da Zariya sun fi Yamai kusa a zuci, kuma Katsina da Kano sun fi ta kusa a hanya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da ta Bayero a Kano, da ta Umaru Musa Ƴar'aduwa a Katsina, duk suna koyar da kasuwanci da lissafin kuɗi. A Najeriya hukumar JAMB ke shirya jarrabawar shiga, makinta bisa 400 ne. A 2025 an tsaida 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma manyan jami'o'i kan nemi fiye da haka, musamman a fannonin da ake rububi. Makarantun foliteknik, irin ta Hassan Usman a Katsina, sun fi sassauci ga mai matsakaicin maki. A Maraɗi ma akwai jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta, wadda aka buɗe a 2013, tana koyarwa da Ingilishi.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Lissafin kuɗin kamfanoni a Nijar yana bin tsarin ƙungiyar OHADA ne, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a 1993, mai ƙasashe 17, kuma sabon kundin lissafinta ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, dokokin kamfanoninta da na harajinta daban ne. Yaron da ya koyi aikin akanta a Kano, idan ya dawo neman aikin kwantabul a Maraɗi, sai ya sake koyon kundin gida, sannan ya kai takardarsa ofishin OBEECS a Yamai domin a daidaita darajarta da ta ƙasa. Amma idan nufin uba shi ne ɗansa ya riƙe masa harkar fatauci ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa kasuwannin Kano, to Ingilishi da sanin dokokin can jari ne babba, balle ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

Kwatano ta daɗe tana jan ɗaliban da makinsu bai kai ba, saboda saukin shiga. Abin da ya faru a can ya ishe mu darasi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Najeriya ya fallasa yadda ya sayi takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, abin da ya shafi har ɗaliban da suka yi karatunsu tsakani da Allah. Rufe iyakar Nijar da Benin da aka yi a 2023 ya ƙara wa wannan hanya wuya.

Ga mai dogon buri akwai CESAG a Dakar, makarantar gudanarwa da aka kafa a 1985, wadda ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO. Shigarta sai da tacewa, kuɗinta da na zaman Dakar kuma ba na kowa ba ne. Amma tun da ƙasashen UEMOA suka rungumi tsarin karatu mai hawa uku a 2007, wato lisans shekara uku, masta shekara biyu, sannan dakta, ba dole ba ne a fara daga babbar makaranta. Ɗalibi yana iya yin lisans a Tawa, ya fito da maki mai kyau, sannan ya nemi masta a Dakar. A wannan mataki makin lisans ake dubawa, «passable» ɗin bakaloreya ya zama tsohon labari.

Ma'aikaci mai neman ƙarin ilimi

Maganar ba ta matasa kaɗai ba ce. Malamin makaranta a Mayahi, ko ma'aikacin haraji a Tasawa, ko sakataren ƙaramar hukuma, da yawansu na son komawa aji domin ƙarin girma. Ga su gargaɗi guda ne ya fi kowanne: kafin a biya ko dala, a nemi izinin tafiya karatu a rubuce daga ma'aikatar kula da ma'aikatan gwamnati, a kuma tabbata takardar da za a samo tana cikin waɗanda ake ƙara matsayi da su. Wanda ya tafi karatu da izinin baki, yana iya dawowa da masta a hannu ya ci gaba da karɓar tsohon albashinsa.

Wanda ke hangen MBA a Turai ko Amurka, can ma akwai ma'auni, jarrabawar GMAT. A sabon tsarinta da ya fara a ƙarshen 2023, maki daga 205 ne zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. Makarantu irin su HEC da INSEAD a Faransa sukan bayyana matsakaicin makin ɗaliban da suka ɗauka. Mutane da yawa sukan ɗauka wannan adadi shi ne iyaka, alhali a cikin waɗanda aka ɗauka ɗin akwai masu ƙasa da shi, waɗanda shekarun aikinsu da shaidar shugabanninsu suka cike musu giɓi. Ma'aikacin da ya shekara goma yana riƙe da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma yana da abin faɗa wanda sabon ɗalibi mai babban maki ba shi da shi. A tuna kuma cewa an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, don haka a fara binciken hanyar samun biza kafin a biya kuɗin jarrabawa.

A yi lissafi har zuwa ranar gamawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafa kuɗin shekarar farko kaɗai. Mu ƙaddara makaranta ta nemi jika 400 a shekara. Shekara uku, miliyan ɗaya da jika 200 ke nan. A ɗora hayar ɗaki, da abinci, da kuɗin mota zuwa Yamai mai nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, da kwamfuta, da kuɗin rajistar jarrabawa, da magani. A auna wannan da mafi ƙarancin albashi a ƙasa, wanda ya koma jika 42 a wata daga Janairun 2024. A kuma tuna cewa a ƙasar Mayahi ba kowace damina ke yin kyau ba. Uban da ya dogara da amfanin gona wajen biyan makaranta, ya tambayi kansa: idan aka yi fari a shekara ta biyu, da me zan biya?

Shi ya sa BTS ko DUT na shekara biyu ya fi zama lafiya ga gida mai ƙaramin ƙarfi. Idan kuɗi sun yanke bayan shekara biyu, yaro na da takarda a hannu, yana iya kama aiki, daga baya ya ƙara shekara guda ya samu lisans. Wanda aka kora daga makaranta mai tsada ana saura shekara ɗaya ya gama, ba abin da zai nuna sai rasit.

Ga ƴa mace kuma a ƙara tambayar masauki. Sau da yawa rashin amintaccen gidan da za ta zauna ke hana yarinya ci gaba, ba makinta ba. Makaranta matsakaiciya a Maraɗi ko Damagaram, inda take da gwaggo ko kawu, ta fi babbar makarantar da ba za a bar ta ta je ba.

Tukunya a kan duwatsu uku

Mata sun san tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Haka neman makaranta. A ajiye takardu a wurare uku cikin lokaci guda. Ɗaya inda ake ganin ya fi ƙarfin makin yaron, kamar IUT ko wani kwankur, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Na biyu inda makinsa ya yi daidai da na waɗanda aka saba ɗauka. Na uku inda ake da tabbacin za a karɓe shi, matuƙar makarantar ta amsa tambayoyin nan huɗu kuma aljihun gida zai iya ɗaukarta har ƙarshe.

A shirya takardu tun kafin sakamako ya fito: takardar haihuwa, ta shaidar zama ɗan ƙasa, hotuna, da kwafin makin shekaru uku na lise da hukuma ta buga wa hatimi. Daga Kanan Bakashe, neman takarda guda yana iya cin kwanaki tsakanin Mayahi da Maraɗi, kuma ranar rufe karɓar takardu ba ta jiran wanda ruwa ya tare a hanya.

A ƙarshe, uba ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi abin da yake son yi da karatun, ko aikin gwamnati, ko banki, ko komawa rumfar gida ya riƙe littafin shiga da fita, ya san yadda ake fitar da riɗi da wake ta hanyar duwan ba tare da an cuce shi ba. Amsar yaron ita za ta nuna makarantar da za a fara kai takarda. Da yawa cikin alhazan da suka gina kasuwar Maraɗi ba su zauna a benci ba, amma ba su taɓa biyan kaya ba su kwance ɗauri sun gani ba. Ƴaƴansu da jikokinsu su yi wa makaranta irin wannan cinikin. Allah ya ba yaranmu sa'a.